Kumburin ciki mai kama da ciwon daji: abin da ya kamata a sani kafin a maida maras lafiya gida

A Diffa, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, akwai kalmar da in ta fito daga bakin likita sai ɗaki ya yi tsit. Mutum ya yi wata uku ko huɗu yana ramewa, cikinsa na ƙara girma, abinci ya fita ransa. An sha jiƙo, an sha rubutu, an gwada ƙwayoyin 'yan talla. Daga ƙarshe aka kai shi gidan likita, aka yi masa ekogarafi, aka ga ruwa a ciki da wani dunƙule. Likita ya ce yana tsoron kada ya zama ciwon daji. Tsoro kawai ya ambata, amma abin da dangi suka ji shi ne an gama. Kafin la'asar an fara shawara a gindin bishiya: ko a sayar da buhunan tattasai a nufi Yamai, ko a maida shi gida a ci gaba da addu'a.

A wannan gaɓar ce ake asarar rayukan da za a iya ceto. Hoto, na ekogarafi ne ko na sikana, siffar abu yake nunawa. Ba ya faɗin ko mene ne abin. Akwai cututtukan ciki da ke kwaikwayon ciwon daji har su ruɗe ƙwararren likita, alhali kumburi ne da ke jin magani. Ɗaya daga cikinsu ba kasafai ake samunta ba ko a Turai. Wata kuwa tana nan tare da mu a kwarin Komadugu, kuma maganinta kyauta ne. Matsalar ita ce maganin ta farkon yana iya kashe mai ta biyun.

Cutar kitsen hanji

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san abin da ake magana a kai. Idan aka jawo hanji, ba a sake yake ba. Akwai wani tantani mai kitse, mai kamar mafici, da ke riƙe da shi yana manne shi da bayan ciki. A cikin tantanin nan jijiyoyin jinin da ke ciyar da hanji suke bi, kuma cike yake da 'yan ƙananan kaluluwa. Ɗan Adam ma yana da shi. A takardun likita na Faransanci mésentère ake rubutawa. An daɗe ana ɗaukarsa guntaye-guntaye marasa muhimmanci, har a 2016 wani likitan fiɗa na jami'ar Limerick a ƙasar Ayilan, Calvin Coffey, ya kawo hujjar cewa abu ɗaya ne a haɗe, ya cancanci a lissafa shi cikin gaɓoɓin jiki.

Wani lokaci kitsen wannan tantani yakan fara lalacewa ba tare da wata ƙwayar cuta ta shige shi ba. Jiki ya turo dakarunsa wurin, wurin ya kumbura, daga baya ya yi tabo mai tauri, ya dunƙule, ya riƙa jan hanji yana tattare shi. Wannan ita ce cutar da ake kira mésentérite sclérosante, wasu takardun kuma su ce panniculite mésentérique idan kumburin ya fi tabon yawa. A 1924 aka fara bayyana ta a rubuce. Ta yi shekaru da sunaye barkatai, sai a 1997 wasu masu binciken nama a Amurka suka sake duba samfurin mutum 84, suka nuna cewa cuta ɗaya ce a matakai daban-daban. Har yau masana ba su tsayar da musabbabinta ba. An lura dai tana yawan biyo bayan tsohon aikin fiɗa ko bugu a ciki, ko ta zo tare da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita.

Yawanta fa? A tsibirin Kirit na ƙasar Girka, likitoci sun bi hotunan sikana na ciki 7,620, suka same ta a 49, wato ƙasa da mutum 1 cikin 100, kuma da yawansu wani dalili ne daban ya kai su hoton. A 2000 aka buga wannan binciken. Wanda aka fi dogara da shi wajen magani kuwa na asibitin Mayo ne a Amurka, da ya fito a 2007, kan marasa lafiya 92. Kashi 70 cikin 100 maza ne, galibinsu sun haura shekara 60. Ciwon ciki ne kukan kashi 70 cikin 100, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fama da zawo, kwatankwacin haka kuma sun rame. Dattijo, ciwon ciki, rama, dunƙule a hoto: babu likitan da zai ga wannan bai fara tunanin ciwon daji ba, musamman na kaluluwa, wanda ake kira limfom, ko wanda ya taso daga wani wuri ya bazu a cikin ciki.

Mai karanta hoton sikana yana da 'yan alamun da ke kwantar masa da hankali. Kitsen da ya kamata ya fito baƙi sai ya fito da hazo-hazo, kamar sararin Diffa a watan Janairu. Jijiyoyin jini sukan ratsa dunƙulen kowace da zoben lafiyayyen kitse a kewaye da ita, abin da ciwon daji bai cika bari ba. Amma alamu ne kawai. Idan dunƙulen babba ne, ko kaluluwar ta yi girma, ko mutum na zazzaɓi da rama, hanya ɗaya ce ta raba gardama: a yanko ɗan guntun naman a duba shi a madubin likita. Wannan shi ne biyopsi.

Idan an tabbatar, labarin yakan yi daɗi. A cikin mutum 92 ɗin can, fiye da rabi ba a ba su magani ba sam, sa ido kawai aka yi, don cutar ba ta dame su ba. Masu jin jiki ana ba su firedinizon, maganin da ke kwantar da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki, ana rage shi sannu a hankali cikin 'yan watanni. Ana haɗa shi da tamoksifen don ya hana tabon ƙaruwa. Daga cikin 20 da suka sha wannan haɗin a Mayo, 12 sun samu sauƙi. A nan sai an yi wa maras lafiya bayani tun da wuri, don tamoksifen an fi saninsa da maganin sankarar mama. Magidanci ya kai ordonansi farmasi, mai sayarwa ya dube shi da tausayi, ya dawo gida yana zargin likita ya ɓoye masa gaskiya. In wannan haɗin bai karɓi mutum ba akwai kolshisin da azatiyofirin. Fiɗa kuwa ba ta cika amfani ba sai hanji ya toshe, domin dunƙulen yana naɗe ne da jijiyoyin da hanji ke rayuwa da su. Garin cire shi sai a rasa hanjin.

Tana da 'yar uwa a pankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin. Kumburinta kan toshe hanyar maɗaciya, idanu su yi ɗorawa, mutum ya rame, sak ciwon dajin pankiriyas, wanda yana cikin mafi muni. Henri Sarles na Marsai a Faransa ya bayyana irinta tun 1961, sannan a 2001 likitocin Japan suka gano cewa wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgG4 yakan hau a jinin masu ita. Kafin a gane haka an yi wa mutane da dama babbar fiɗa a kan cutar da firedinizon ke narkarwa cikin 'yan makonni.

Wadda ta fi kusa da mu

Duk wannan ilimi ne mai amfani, amma gaskiyar magana likitan da ke aiki a Diffa, Maine-Soroa ko N'Guigmi zai iya yin shekaru bai rubuta sunan cutar kitsen hanji ko sau ɗaya ba. Mai kwaikwayon ciwon dajin da zai haɗu da ita a kai a kai ita ce tarin fuka na ciki.

Sunan ne ya fara yaudarar mutane. An ce tari, to ga mutum ba ya tari, hoton ƙirjinsa ma sau da yawa fes yake fitowa. Ƙwayar cutar da Robert Koch ya sanar da ganowa ranar 24 ga Maris 1882 ba a huhu kaɗai take zama ba. Tana iya shiga ta huhu tun ana yaro, jiki ya danne ta, ta bi jini ta laɓe a ciki shekara da shekaru. Ranar da jiki ya yi rauni, saboda yunwa, ko ciwon suga, ko cutar sida, ko ciwon hanta, ko haihuwa a kai a kai, sai ta farka. Wanda ya san abin da jama'ar bakin Komadugu da tsibiran tafkin Cadi suka gani tun daga 2015, gudun hijira, cunkoso a bukkoki a gefen gudron, gonaki da kamun kifi da suka tsaya, ya san cewa dalilan raunin jiki ba su yi ƙaranci ba.

Akwai kuma ƙofa ta biyu da ta shafi jahar makiyaya irin tamu. Shanu suna da nasu tarin fukan, kuma ƙwayarsa na fita a cikin madara. Wanda ya sha ɗanyar madarar saniya mai cutar, ta hanji ƙwayar ke shigarsa, shi ya sa irin wannan ya fi kama ciki da kaluluwar wuya. Tafasa madara na kashe ta. Na san akwai masu ganin tafasasshiyar madara ta rasa albarkarta, kuma ba na sa ran rubutu ɗaya ya canja wannan ra'ayi, amma ko don yara ƙanana ya kamata a ɗora tukunya.

Idan ta kama tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, ga yadda take zuwa: zazzaɓi mara ƙarfi da yamma, gumi da dare har ya jiƙa tabarma, rama, sannan ruwa ya taru a ciki a hankali. Wani cikin ba ya tara ruwa, sai hanji ya manne da juna, in an taɓa a ji kamar kwaɓaɓɓen fulawa. Wani kuma dunƙule ne a ƙasan ciki ta dama, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, daidai wurin da ciwon dajin hanji ke son zama.

Mata ne suka fi shan wahalar wannan ruɗani, kuma ta fuska biyu. Budurwa ko bazawara da al'adarta ta ɗauke, cikinta ya tasa, kafin a kai ga likita unguwa ta riga ta yanke mata hukunci. In an kai ta kuma, ekogarafi ya nuna ruwa da kumburi a gefen mahaifa, sai a yi zargin ciwon dajin gidan ƙwai. Akwai awon jini mai suna CA-125 da ake amfani da shi wajen bin wannan ciwon. A lafiyayyar mace ba kasafai yake wuce 35 ba. Abin da ba a cika faɗa wa dangi ba shi ne duk abin da ya fusata tantanin ciki yana ɗaga shi, kuma tarin fuka na iya kai shi ɗaruruwa. Takardar awo mai babban adadi, ita kaɗai, ba ta tabbatar da komai.

Wannan kuskuren tsoho ne. A 1862 wani shahararren likitan fiɗa na Ingila, Spencer Wells, ya buɗe cikin wata matashiya yana zaton ƙari ne a gidan ƙwanta. Ya tarar da ruwa da ƙuraje birjik na tarin fuka, ya kwashe ruwan ya ɗinke. Matar ta warke ta rayu. Yau ba sai an tsaga ciki ba. Ana huda ƙaramar kafa a gefen cibiya a zura siririyar kyamara, abin da takardu ke kira cœlioscopie. Likita zai ga tantanin cike da 'yan fararen ƙuraje masu girma ɗaya. Turawan da suka fara ganin irinsu da ƙwayar gero suka kwatanta su, har kalmar miliaire da ake rubutawa daga sunan gero a Latin ta fito. Ciwon dajin da ya bazu shi ma yana yin ƙuraje, sai dai nasa ba su cika zama girma ɗaya ba. Don haka ko nan ma ana tsinko ɗaya ko biyu a aika awo. Idan tarin fuka ne, mai dubawa zai ga dakarun jiki sun yi da'ira, tsakiyarsu wani mataccen farin abu da likitoci suka sa wa suna caséum, daga kalmar cuku.

Kafin a kai nan akwai awo mai sauƙi. Ana zuƙo ruwan cikin da allura. Na tarin fuka yakan zo launin ɗorawa, mai yawan furotin, cike da nau'in dakarun jini da ake kira limfosit, ya bambanta da tsinkakken ruwan mai ciwon hanta. Amma a kula da wani tarko. Ƙwayar cutar kanta ba ta cika bayyana a ruwan ba: a madubi, cikin ɗari da wuya a gan ta a biyar. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, gwana ce a kan majina, amma a ruwan ciki takan kuskure fiye da rabi. In ta ce akwai, to akwai. In ta ce babu, magana ba ta ƙare ba. Inda ake da halin auna wani sinadari mai suna ADA a cikin ruwan, ya fi taimakawa. Idan ya haura wajen 40, zargi ya yi ƙarfi ƙwarai.

Inda maganin wani ke zama gubar wani

Firedinizon da danginsa suna aiki ne ta hanyar kwantar da garkuwar jiki. Ga mai cutar kitsen hanji wannan shi ne abin da ake so. Ga mai tarin fukan da ba a gano ba, garkuwar nan ce kaɗai ke tsare ƙwayar cutar a wuri ɗaya. Makonnin farko zai ji daɗi, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, kumatu su ciko. A ƙarƙashin wannan sauƙin ƙwayar na yaɗuwa zuwa huhu, ƙashi, har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a ƙasa irin tamu babu likitan kirki da zai fara wannan magani kan kumburin ciki bai kawar da zargin tarin fuka ba tukuna. Haka kuma yana ɓad da sawun limfom: ya rage kaluluwar na ɗan lokaci, biyopsin da za a yi daga baya ya kasa nuna komai.

Abin damuwar shi ne ba sai da likita ake samun waɗannan ƙwayoyi ba. Deksa, wato deksametazon, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, ɗan gidan firedinizon ne, ya ma fi shi ƙarfi, kuma yana nan a faifan 'yan talla a kasuwa da tasha. Mutumin da ke ramewa shi ne na farko da za a ce wa ya gwada. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, kuma kada ya tsayar da shi rana ɗaya in ya daɗe yana sha, don wannan ma haɗari ne.

Akwai wasu masu kwaikwayon, a taƙaice. Ƙwayar atini, amiba, tana iya yin dunƙule a babban hanji ko ta tara mugunya a hanta, kuma metironidazol na maganinta. Ƙwan tsutsar tsargiya, wadda yaran bakin kogi suka sani sarai, yana yin tsiro a mafitsara da mahaifa mai kama da ƙari. Sai dai tsargiyar da aka bari shekaru tana iya haifar da ciwon dajin mafitsara na gaske. Kuma kada wannan rubutu ya zama ruɗi: kumburin ciki da yawa ciwon daji ne tabbas, musamman na hanta, wanda cutar hanta nau'in B ke jawowa tsakanin matasan maza. Shi ma saninsa da wuri ya fi, kuma tun 2007 doka ta tanadi kula da sankarar mata kyauta a asibitocin gwamnati.

Nama ya yi tafiya, mai shi ya zauna

Babban cikas ga mutumin Diffa nisa ne. Damagaram, inda asibitin ƙasa mafi kusa yake, kusan kilomita 470 ne. Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa take, wadda ta fara gashin haske a 2021, ta haura kilomita 1,300. A da mutane kan tsallaka kogi su bi ta Damasak zuwa asibitin koyarwa na Maiduguri, wanda ya fi Damagaram kusa, amma rikicin Boko Haram ya mai da wannan hanya abin tsoro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne biyopsi ba ya buƙatar maras lafiya ya shiga kar. Guntun naman da aka jefa a kwalba cikin ruwan formol ba ya lalacewa, zai iya yin kwanaki a hanya har ya isa ɗakin awo, irin na sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake riƙe da rajistar ciwon daji ta Nijar tun 1992. Saboda haka duk wanda za a yi wa ɗan uwansa aiki a ciki, ko na gaggawa ne saboda toshewar hanji, ya tambayi likita tun kafin a shiga ko za a ɗebi nama a aika. Idan ana zargin tarin fuka, wani guntun a ruwan gishirin asibiti ake sa shi, don formol na kashe ƙwayar, ba za a iya renonta a gan ta ba. Sakamako yakan ɗauki makonni. A riƙe lambar takardar, a riƙa bibiya, kuma a adana kowane hoto da kowace takardar awo a jaka ɗaya.

Idan biyopsi ya gagara, kuma alamu da ruwan ciki suka nuna tarin fuka, likitoci sukan fara maganinsa su ga yadda jiki zai amsa. Wannan hukuncin likita ne, a cibiyar da aka ware wa tarin fuka, da sunan maras lafiya a rajista. Maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da cutar. Wata biyu na farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, rifampisin, izoniyazid, pirazinamid da etambutol, sannan wata huɗu da biyun farko kaɗai, ana sha da safe kafin a karya. Idan tarin fukan ne, cikin makonni kaɗan zazzaɓi zai tafi, ci ya dawo, ruwan ya fara janyewa, CA-125 ma ya sauko. Idan an kai wata biyu babu canji, ko abin na ƙaruwa, ba a ci gaba da jira: a koma a nemi biyopsi ko ta halin ƙaƙa.

Mai tarin fuka na ciki wanda huhunsa ke lafiya ba ya harbin kowa, babu dalilin ware masa kwano. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu ta sanar da ungozoma, don rifampisin na rage musu ƙarfi. Idan idanu suka yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a koma wurin majo a ranar. Fitsari kuwa zai koma ja-ja tun daga ƙwayar farko, har hawaye da gumi. A garin da jan fitsari ke nufin tsargiya wannan kan firgita mutane su ajiye magani. Launin rifampisin ne kawai, kuma zai tafi idan aka cika wata shidan.